Rolling Stones: wa ya riƙe su duk shekarun nan, kuma me ya sa ba a kiran sunan Ian Stewart?

Bala_Faifai:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Ku masu bin tsofaffin waƙoƙin Turawa, ga magana na kawo. Duk inda aka yi zancen Rolling Stones, ƙungiyar kiɗan rok ɗin nan ta Ingila, sunaye biyu ake ambata, mawaƙinsu Mick Jagger da mai jita Keith Richards. Da mai gangarsu Charlie Watts ya mutu a 2021 kuma sai kowa ya koma cewa ai shi ne ginshiƙin. Ni a wurina akwai wanda aka ci wa haƙƙi, wato Ian Stewart, wanda suke ce wa Stu.

A 1962 da Brian Jones, mai jitar da ya kafa ƙungiyar, ya ba da cigiyar makaɗa a jaridar Jazz News ta Landan, Stu ne ya fara amsawa. Makaɗin fiyano ne, haifaffen Sikotlan, yana aikin ofis a kamfanin ICI. A cikinsu babu mai waya, don haka wayar teburinsa ce lambar ƙungiyar. Shi ya sayi motar da ake loda kayan kiɗa. A watan Mayun 1963 suka sami manaja, Andrew Oldham, yaro ɗan shekara 19, ya ce mutum shida sun yi yawa, kuma fuskar Stu ba ta shiga tsarin da yake so ya tallata ba. Aka cire shi daga jerin 'yan ƙungiya. Maimakon ya yi zuciya ya tafi, sai ya zauna. Shi ne direba, shi ke ɗaukar kaya, shi ke kama otal, kuma yana kaɗa fiyanonsa a faifai da kan dandamali, har ya mutu ranar 12 ga Disamba 1985 yana da shekara 47. Shekara ashirin da biyu ke nan a bayan fage.

Ni na ce shi ya riƙe su. Mai ja ya fito.

Zuly_Kd:
Wa alaikumussalam Yaya Bala. Na fito. Direba da mai ɗaukar kaya suna da muhimmanci, ba musu, amma ba su ake zuwa kallo ba. Charlie ne. Tun daga ranar farko har ya bar duniya da wuya ka ji ya yi fashin wasa. Kuma shi kaɗai ne Mick da Keith duka suke shakka.

Garba_Jita:
Zuly ba tun ranar farko ba fa. Wasansu na farko a kulob ɗin Marquee na Landan ranar 12 ga Yuli 1962 babu Charlie a wurin, babu Bill Wyman mai bes, wato jita mai kaurin sauti. Bill ya shigo a Disambar shekarar, Charlie sai Janairun 1963. Ya ma daɗe yana ja musu aji, don yana da aikinsa na zane a kamfanin talla, kuma yana kaɗa wa wasu da suke iya biyansa. Amma maganar ƙarancin fashi gaskiya ce, daga 1963 har rangadin 2021 da rashin lafiya ta hana shi.

Zuly_Kd:
To wata shida ne ya rage a shekara 58. Bai rage wa maganata komai ba.

Dan_Sabon_Gari:
Ku dai faɗi labarin Amstadam kawai a tashi. 1984, Mick ya sha ya yi tatil, tsakar dare ya buga waya ɗakin Charlie yana tambayar ina makaɗinsa. Charlie ya tashi, ya yi aski, ya sa kwat ya ɗaura nakatai, ya goge takalmi, ya sauko ya zabga masa naushi a fuska, ya gaya masa kada ya ƙara kiransa makaɗinsa, shi Mick ɗin ne mawaƙinsa. Wa ya isa ya yi wa Mick Jagger haka ya kwana a ƙungiyar? Stu zai iya?

Baba_Tijjani_Rediyo:
Yarana, sannunku da hira. Na daɗe ina juya faifan mutanen nan a shirin zaɓen masu sauraro lokacin da muke aiki, shi ya sa na kasa yin shiru.

Labarin naushin nan daga bakin Keith aka fi jin sa, kuma kowa ya san Keith da sa wa labari gishiri. Ban ce bai faru ba. Amma ku lura da shekarar. Shi Charlie da bakinsa ya faɗa cewa a tsakiyar shekarun 1980 ya faɗa shan giya da hiroyin, abin da bai yi ba lokacin da sauran suke ciki tsundum. Wato a daidai lokacin da ƙungiyar ta fi buƙatar mai hankali, mai hankalin ba ya cikin hayyacinsa. A faifan da suka fitar a 1986 har wasu makaɗa aka ɗauko suka cike gurbinsa a wasu waƙoƙin. To naushin nan da kuke yabo, ni ban ɗauke shi alamar dattako ba. Alamar mutum ne da abin duniya ya ishe shi.

Shi kuwa Stu ba ya naushi. Baki gare shi. Shi ne zai leƙo ɗakin shiri ya kora su dandamali da baƙar magana, yana musu ba'a cewa kiɗan nasu bai wuce kama waya uku ba, su kuma su tashi sumsum. Ba ya shaye-shayensu, wasan gwaf ne abin sonsa, har yakan kama musu otal can bayan gari kusa da filin gwaf, su tashi su ga babu inda za su je shashanci. Malam Bala bai yi ƙarya ba.

Bala_Faifai:
Allah ya ƙara girma Baba. Kuma shi Keith ɗin a littafin tarihin rayuwarsa na 2010 ya rubuta cewa a wurinsa ƙungiyar ta Stu ce, har yau shi yake yi wa aiki. Da za a karrama su a 1989 a zauren tunawa da gwanayen rok na Amurka, su suka nemi a sa sunan Stu a ciki. Mutanen da suka yarda aka cire shi daga hoto su ne suka dawo suna roƙon a rubuta shi.

Ummi_Lauya:
Malam Bala, tambaya ɗaya. Idan shi ne ya riƙe su, ya aka yi ya mutu a 1985 amma ga su har 2023 suna fitar da sabon faifai? Shekarun da suka yi ba shi sun fi waɗanda suka yi tare da shi yawa. Ka lissafa.

Bala_Faifai:
Hajiya ki duba abin da ya biyo bayan mutuwarsa. Mick ya ƙi fita rangadin faifan 1986, ya je ya yi nasa faifan a 1987, Keith ya yi nasa a 1988, suna ta jifan juna a jaridu. Keith yaƙin duniya na uku yake kiran lokacin. Daga 1982 ba su sake fita rangadi ba sai 1989. Ba su taɓa kusantar wargajewa kamar haka ba.

Ummi_Lauya:
Amma rigimar ba bayan mutuwarsa ta fara ba. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu da kamfanin faifai na CBS a 1983 ita ce ta buɗe wa Mick ƙofar yin faifansa shi kaɗai, kuma faifan ya fito a farkon 1985, Stu yana raye yana kallo. Bai hana ba. Ka ga ke nan wutar ta kama a gabansa.

Bala_Faifai:
Ta kama a gabansa, amma duk da haka a 1985 ɗin sun shiga situdiyo a Faris sun yi aiki, ko da ba sa ga maciji da juna. Bayan ya tafi ne aka kusan daina haɗuwa kwata-kwata.

Abu_Huzaifa22:
Subhanallah. Duk matsalolin da ke damun Arewa, abin da za ku zauna tattaunawa shi ne wasu tsofaffin Turawa mashaya? Ku ji tsoron Allah.

Admin_Sadiq:
Malam Abu Huzaifa, zauren tarihin kiɗa da waƙa ne, sunan yana sama. Babu wanda ya ce a yi koyi da shaye-shayensu. Mun gode da nasiha. A ci gaba jama'a.

Garba_Jita:
Ni abin da nake so in ƙara kan Charlie ba halinsa ba ne, hannunsa ne. A yawancin ƙungiyoyi kowa ganga yake bi. Su a wurinsu Charlie ne yake bin jitar Keith, don haka gangar takan zo da ɗan jinkiri kaɗan, bes na Bill kuma ya ɗan riga. Wannan 'yar tangardar ita ce sautinsu, ji kake kamar kiɗan zai zube amma ba ya zubewa. Sannan ku kalli bidiyonsa da kyau ku ga hannunsa na dama. Duk sanda zai bugi ƙaramar gangar da hagu, sai ya ɗage sandan dama daga faifan ƙarfen nan, bugun ya fito shi kaɗai tas. Kayan kiɗansa kuma 'yan kaɗan ne, irin na masu jaz, ba ya tara ganguna ashirin a gabansa. Fiyanon Stu a cire shi daga waƙa, waƙar tana nan. An ma sha sa wasu su kaɗa, irin su Nicky Hopkins da Billy Preston. A cire Charlie a gani.

Dan_Sabon_Gari:
An cire an gani ai. Steve Jordan yana kaɗa ganga a madadinsa tun 2021, filayen ƙwallo suna cika.

Garba_Jita:
Cika fili daban, sauti daban.

Kawu_Mai_Lissafi:
Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Kuɗi ne ya riƙe su, ba wani Stu ba wani Charlie. A ƙarshen shekarun 1960 mutanen nan sunansu ya cika duniya amma aljihu wayam. Manajansu na lokacin, Allen Klein, ya tafi da haƙƙin mallakar duk waƙoƙin da suka yi kafin 1971, ga bashin haraji ya yi musu katutu a Ingila. Wanda ya fitar da su wani ma'aikacin banki ne, Rupert Loewenstein, mutumin da ko son kiɗansu ba ya yi. Mick ne ya nemo shi a 1968, kuma ya riƙe musu lissafi har 2007. Shi ya ba su shawarar barin ƙasar a 1971 suka koma kudancin Faransa, inda suka ɗauki faifai a ƙarƙashin gidan da Keith ya kama haya.

Sulhun 1989 kuma da kuke ta yi wa kirari, an haɗu a Barbados a Janairu, eh. Amma me ke kan tebur? Wani ɗan Kanada mai shirya wasanni, Michael Cohl, ya zo da tayin sama da dala miliyan 60 don rangadi ɗaya. Faifan Mick na shi kaɗai bai yi kasuwar da ya zata ba. Ko ni aka ajiye wa wannan kuɗin zan shirya da maƙiyina kafin la'asar.

Idan dole sai an ba ɗaya daga cikinsu lambar, to Mick ne. Shi ya yi karatu a makarantar koyon tattalin arziki ta Landan kafin ya bari, shi ke zama da lauyoyi. A 1977 da aka kama Keith da hiroyin a Toronto, ana zancen ɗaurin shekaru, wa ya ja ragamar?

Zuly_Kd:
Kawu kai komai kuɗi. To Beatles ba su da kuɗi ne da suka watse a 1970? Sun fi su ma. Kuɗin ne ma ya raba su, kuma shi dai wannan Allen Klein ɗin yana tsakiyar rigimar.

Kawu_Mai_Lissafi:
Yauwa 'yata, kin taimake ni. Su Beatles sun kasa haɗa kai kan wa zai riƙe musu kuɗi, uku suka bi Klein, Paul McCartney ya ƙi. Su Stones suka sami amintacce ɗaya suka bar masa. Maganata ke nan.

Musa_Bes_Jos:
Bari in faɗi abin da na gani da idona, don na yi shekaru ina kaɗa bes a wata 'yar ƙungiya da muke zuwa bukukuwa da wasannin otal a Jos da Bauchi. Muna da wani bawan Allah, ba ya waƙa, ba ya kaɗa komai sai in an rasa mai kacau-kacau. Shi ke da bas, shi ke tashin janareta, shi ya san wace waya ce ke ba da shokin a naɗe ta da leda. In an tashi wasa ƙarfe biyun dare, shi zai tsaya a bakin ƙofar mai biki har a cika kuɗin, sannan ya zauna a kujerar gaba ya kunna fitilar cikin mota ya raba a gaban kowa, ƙwandala ba ta ɓuya. Mawaƙinmu da mai jita ba sa shiri ko kaɗan, amma kowa yana kai masa ƙara, shi kuma ya saurara ya ce to, bai taɓa kai maganar wani wurin wani ba. Da ya sami aikin tuƙi a Abuja ya tafi, ba mu ƙara cin wata babbar Sallah tare ba. Kiɗanmu bai canza ba, rabon kuɗi ne ya koma hannun mawaƙi.

Don haka ni ina bayan Malam Bala. Wanda bai taɓa loda sifika a mota ana ruwan sama ba, ba zai gane ba.

Ummi_Lauya:
Malam Musa labarinka ya fi goyon bayan Kawu fa. Rabon kuɗi ka ce.

Musa_Bes_Jos:
Amana na ce Hajiya. Kuɗin ai suna nan bayan ya tafi.

Isuhu_Damagaram:
Ina gaisuwa daga Nijar. Mu nan muna jin zancen mutanen ga ta wajen 'yan jitar Abzinawa. Tinariwen na Mali sun buɗe musu wasa a Ailan a 2007, kuma Bombino namu na Agadas ya shiga wata waƙa da aka ɗauka wadda Keith da Charlie suka sa hannu ciki. Abin da nike so in ce, ku dubi Tinariwen ɗin. Mutane na shiga na fita, wani lokaci ma Ibrahim Ag Alhabib da ya kafa ta ba ya bin su rangadi, amma ƙungiya na nan. Wataƙila in abu ya daɗe sosai, sunan ne ke riƙe mutane, ba mutum ke riƙe sunan ba. Brian Jones da ya raɗa ma Stones suna an kore shi a Yunin 1969, ya mutu a Yuli, ba su tsaya ba. Mick Taylor, mai jitar da ya gaje shi, ya tahi 1974, Bill ya tahi 1993, ba su tsaya ba.

Baba_Tijjani_Rediyo:
Malam Isuhu ka kawo magana. Amma ba ko'ina take ci ba. Led Zeppelin makaɗinsu John Bonham ya mutu a 1980, a shekarar suka ce sun rufe. A nan gida ku dubi Fela da mai gangarsa Tony Allen. Fela da kansa ya ce ba don Tony Allen ba da babu Afrobeat. Bayan wasan Balin na 1978 rigimar kuɗi ta sa Tony da yawancin makaɗan suka watse. Fela ya kafa wata ƙungiyar ya ci gaba, amma mai kunne ya san an sauya hannu. Haka ma Shata, kowa muryarsa yake yabo, amma da masu kalangun ba su san inda zai faɗa ba tun kafin ya buɗe baki, da waƙar da yake ƙirƙira nan take ba ta zauna ba. Sunayensu nawa muka riƙe?

Dan_Sabon_Gari:
Baba an bar Landan an dawo Funtuwa ke nan.

Hafsat_Vinyl:
Ni mamaki nake har yanzu ba wanda ya kira Ronnie Wood, ɗaya mai jitarsu. Tun 1975 yake tare da su, kuma shekara da shekaru albashi yake karɓa kamar ɗan kwangila, sai a farkon shekarun 1990 aka ba shi kaso. A lokacin rigimar da Yaya Bala yake magana, Stu ya mutu, Charlie yana fama da kansa, Bill ya ja gefe. Wa ya rage? Ronnie ne yake yi kamar ɗan aike tsakanin kishiyoyi, ya je wurin wannan ya ce ai wancan yana cigiyarka, ya koma can ya faɗi haka. Shi ya yi ta fama har suka yi magana a waya. Idan tambayar ita ce wa ya hana su rabuwa a lokacin da rabuwar ta zo bakin ƙofa, amsar Ronnie ce. Don yana da fara'a da wasa ne ake raina shi.

Bala_Faifai:
Hafsat na yarda Ronnie ya yi ɗinki. Amma abin da ya ɗinka wani ne ya saƙa shi. Ki tuna shi Stu ba ɗaukar kaya kawai ya yi ba. Shi ya kawo shawarar a gina situdiyo a cikin babbar mota, don su riƙa ɗaukar waƙa duk inda suke, kuma shi ke kula da ita. Da motar nan aka ɗauki faifan Faransa da Kawu ya ambata. Led Zeppelin sun yi haya, Deep Purple sun yi haya a Suwizalan a 1971, wasan Bob Marley na Landan a 1975 da ita aka naɗe shi. Sannan shi ne mai tsare musu asali. Daga kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka suka taso, shi kuma duk waƙar da ya ga ta kauce daga nan sai ya ɗauke hannunsa daga fiyano ya ƙi kaɗawa. Shi ya sa Garba ya ga sunan wasu a faifan. Ba korarsa aka yi ba, shi ne ba ya so.

Garba_Jita:
To ai ka faɗa da bakinka. Waƙoƙin da ya ƙi kaɗawa suna cikin waɗanda suka fi yi musu kasuwa. Da an biye masa da har yanzu suna wasa a ƙananan mashaya na Landan.

Zuly_Kd:
Kuma a ƙara wa Charlie wannan: shi da Mick ne suke zama da masu zane su tsara dandamalin rangadi da hotunan kaya, saboda aikinsa na asali. Mace ɗaya ya aura, Shirley, tun 1964 har mutuwa ta raba. Sauran suna can suna ɓarna, shi yana ɗakin otal yana zana gadon da zai kwana a kai. Cutar dajin maƙogwaro ta kama shi a 2004, ya warke ya koma bakin ganga. Shekara biyu ko uku na tuntuɓe ba za su share 58 ba, Baba ka yi haƙuri.

Baba_Tijjani_Rediyo:
Ba komai 'yata, ban ce su share ba. Na ce dai a shekarun ba shi ke riƙe da kowa ba.

Kawu_Mai_Lissafi:
Ga wani abin da zai nuna muku yadda gidan yake. Darryl Jones yana kaɗa musu bes tun bayan tafiyar Bill, shekara talatin ke nan, har yau ba a ce masa ɗan ƙungiya ba. Chuck Leavell yana kan fiyano tun 1982, shi ke riƙe da littafin da aka rubuta yadda ake kaɗa kowace waƙa, shi ma ɗan kwangila ne. Kamfani ne mai masu hannun jari da ma'aikata. Ku daina neman soyayya a ciki.

Musa_Bes_Jos:
Shekara talatin kan bes ba kaso? Kai, Allah ya isar wa masu bes a duk inda suke.

Hafsat_Vinyl:
A faifan 2023 akwai waƙa biyu da gangar Charlie ce, an ɗauka tun kafin ya mutu, ɗaya ma har da Bill Wyman a bes. Garba tunda ka ce kunnenka na rarrabewa, kada ka duba rubutun bayan faifan, ka saurara ka faɗa mana waɗanne ne.

Garba_Jita:
Na riga na san su, gwajin ba zai yi adalci ba. A ba Dan Sabon Gari, shi da ya ce duk ɗaya ne.

Dan_Sabon_Gari:
Ni ban ce ɗaya ne ba, cewa na yi fili na cika. Ku turo dai, in data ta bari zan ji da daddare.